Gwangwanin Man Shanun Alhaji

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka Kano lafiya, ka kuma sami Gwaggonka da mutanen gidanta ƙalau. Allah Ya tsare mini kai a jirgin ƙasan nan na Ikko, Ya raba ka da sharrin wanda ba ka sani ba, Ya ƙara raba ka da sharrin wanda ka sani. Innarka tana gaishe ka. Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, kowa yana nan yadda ka bar shi. Ka san hannuna da sitiyari ya saba, rubutun nan kuwa na yaƙi da jahilci ne. In ka ga ya karkace, ka bi shi a hankali kamar hanyar Gwiwa da damina.

Da littafinka zan fara, na Turancin nan mai jan bango da hoton mutum riƙe da bindiga, wanda ka yi hutu kana fassara mana bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida. Labarin ɗan sandan da ya rantse sai ya ga bayan masu fataucin ƙwaya. Ina lura da kai. Kafin littafin nan maganarka ta koyarwa ce, kana gama shi ka koma maganar aikin kwastan, har tafiyarka ta canza. Ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa na zauna na yi ta juya labarin a raina, ina duba inda ya gaya maka gaskiya da inda ya yi maka wayo.

Daɗi kam yana da shi, ba zan ci amanarsa ba. Wanda ya rubuta shi da direba ne da ya yi suna, don ya san inda ake taka totur, ya san inda ake taka birki. Ka tuna ranar da miya ta ƙone saboda Innarka ta laɓe a zaure tana saurare, ta fito tana cewa wai tsintsiya take nema? Ni kaina da nake cewa tatsuniyar Turawa ce, ranar da ka tafi Roni gaisuwa ba a yi karatu ba sai da na ji yammacin ya yi mini tsawo. Akwai kuma wurin da ya faɗi gaskiya tsirara, inda ya nuna uban tafiyar yana zaune a lambunsa yana watsa wa tsuntsaye hatsi, a daidai lokacin da ake tusa ƙeyar yaransa cikin mota. Bai taɓa kayan da hannunsa ba, bai ma san warinsu ba. Kana cikin fassara wurin nan Baffanka Sale ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Kai ba ka gani ba, idonka yana kan takarda, ni na gani.

Amma tun daga farko na fara zargin mutumin nan bai taɓa zama da waɗanda yake ba da labarinsu ba. Masu shan ƙwaya a wurinsa duk 'yan iska ne, suna kwance a lungu suna layi. To ni ka san ni, salla ba ta wuce ni da gangan, kuma na sha. Ba ɓoyayyen abu ba ne, Innarka tana yi mini gori da shi har gobe. A kakar gyaɗa ce, shekarun da aka sami mulkin kai, ina jan motar Alhaji Ɗanlami. A yi lodi a Roni a kai Kano, a sauke, a juyo Gwiwa, a sake lodi, a koma. Mota ba ta hucewa, direba ba ya hucewa. Wani ɗan kamasho ya gan ni ina gyangyaɗi a kan benci, ya ce, "Haba Ilu, kashe kanka za ka yi? Ungo wannan, maganin gajiya ne." 'Yar farar aba ce, ba ta kai ƙwayar wake ba, kuma ko anini bai karɓa ba. Na haɗiye, na ji kamar in ɗauki motar a ka in kai ta Kano da ƙafa. Daga nan sai ya zama ni ke nemansa.

Ranar da abin ya ƙare mini, da rana tsaka ce, ina gangarowa ta wajen duwatsun nan na shiga gari. Sai ga raƙumi tsaye ƙiƙam a tsakiyar hanya. Na murɗe sitiyari, mota ta kwanta a rami, buhunan gyaɗa suka watse. Na rarrafo waje ina faɗa, ina cewa ina mai raƙumin nan? Mutane suka dubi juna suka ce wane raƙumi? Kafaɗar nan da kake shafa mini man zafi in sanyi ya shigo, ladan ranar ce. Saboda haka in ka kama lebura ko direba da ƙwaya biyu a aljihu, ka yi aikinka, ban hana ka ba, amma kada ka riƙa hura hanci kamar ka ci yaƙi. Ka tambaye shi wa ya fara ba shi kyauta. Kai ma a wurin horo, duk wanda ya miƙo maka wani abu ya ce maganin gajiya ne, ka ce ka gode, ka je ka nemi tabarma.

Yanzu bari in zo kan Baffanka. Ka taso ka same shi mutum ne marar magana, ka san ya yi zaman gidan yari, amma ba a taɓa zaunar da kai an warware maka ba, don kana ƙarami a lokacin.

Ka san al'adarmu game da saƙo. Direba ba ya ƙin saƙo, ba ya kuma tambayar abin da ke ciki. A zo bakin mota a miƙo maka ƙulli a ce ka kai wa wance a Fagge, ka sa hannu biyu ka karɓa, ka kai. Wanda ya kwance saƙon mutane sunansa ya ɓaci a tasha, har 'ya'yansa sai an yi musu gori. A kan wannan aka tashe mu, kuma abu ne mai kyau, da shi talaka yake gaisa da nasa na nesa. Bayan yaƙi, da gyaɗa ta fara ja da baya, Alhaji ya mai da motocinsa hanyar Babura, wajen iyakar Nijar. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa tashar can, kullum da carbi a hannu, ana ce mata Iya. Alhaji da bakinsa ya ce mini, "Ilu, 'yar garinmu ce, 'yarta tana aure a Kano. In ta ba da saƙo ku taimaka mata, lada ne." Saƙon nata kullum iri ɗaya ne, babban gwangwani na man shanu, an ɗaure murfin da tsumma.

Raina bai kwanta ba, don na yi mamakin 'yar da ke shan man shanu haka kamar ruwa. Ana nan wata rana na faɗa rami wajen Kanya Babba, gwangwanin ya kife, murfi ya fice, mai ya malale a kan tabarmar mota. Na duba har gindinsa. Man shanu ne zalla, mai kyau, mai ƙanshi. Wallahi kunya ta kama ni, na yi istigfari, na sayi wani na cika mata. Da kafaɗata ta matsa mini Baffanka ya karɓi hanyar, sai ya zo ya same ni ya ce, "Yaya, matar nan mai gwangwani kuwa, ka yarda da ita?" Na ce, "Karɓi abinka, Sale, na ga cikin gwangwaninta da idona."

Ya karɓa. Ba a daɗe ba aka tsai da shi a shingen bincike, aka soka ƙarfe a cikin man. Man bai wuce tsawon yatsa ba, ƙasansa duk ƙwaya ce a ƙulle. Ya rantse, ya yi kuka, ya ce saƙo ne. Alƙali ya ce a motarka aka samu. Iya ta bi iska, wanda ke karɓa a tashar Kano shi ma ya bi iska. Ƙanena ya shiga da baƙin gashi da bakin barkwanci, ya fito yadda ka san shi. Kuskurena shi ne na ga cikin gwangwani ɗaya na ba da shaida a kan dukkansu. Kada ka taɓa tsaya wa kayan da ba ka ga cikinsu yau ba, ko da jiya ka gani. Kada kuma ka ce wa na ƙasa da kai "bar shi ya wuce, na san shi." Kalmar nan ita ta ci ƙuruciyar Baffanka.

A littafinka mugu da ganinsa ka san shi. Ga tabo a fuska, ga baƙin tabarau, in ya shigo wuri kowa ya yi tsit. Kayya! Da haka miyagu suke ai da 'yan doka sun huta tun zamanin Turawa. Amma kada ka ga ina yi wa marubucin dariya, ni ma irin tunaninsa na yi. Da aka ɗaure Sale na tafi Babura kamar mahaukaci ina neman wanda zan ɗora wa. Idona ya faɗa kan wani mai sayar da kanwa daga Nijar, dogo, da tabo daga kunne har haɓa, ba ya dariya, yana zama shi kaɗai yana juya sefa a hannu. Na ce shi ne. Na faɗa a tasha, na faɗa a kasuwa, har mutane suka daina sayen kanwarsa, ya ɗaure kayansa ya koma ƙasarsu. Daga baya wani makiyayi da ya san shi ya ce mini tabon ƙahon sa ne tun yana yaro, rashin dariyar kuwa haƙoransa na gaba ne babu, kunya yake ji. Na kori bawan Allah daga abincinsa saboda fuskarsa, mai carbi kuwa na sa hannu biyu na karɓi kayanta. In ka tsaya a shinge, fuska ba ta cikin abin da aka aike ka dubawa.

To wa ya riƙe gidan Baffanka duk tsawon zamansa a ɗaure? Alhaji Ɗanlami. Gero bai yanke ba, kayan salla bai yanke ba. Da aka tambaye shi Iya, ya ce shi ma a wajen gaisuwar mutuwa ya san ta, ya rantse, har da hawaye. Gari ya ɗauka da yabo, ni na fi kowa. Ka buɗe kunnenka da kyau a nan, don kada ka je ka ce Baba ya ce. Ban kama Alhaji da komai ba. Ko a gaban alƙali aka sa ni rantsuwa, ba ni da abin da zan nuna. Abin da na gani kawai shi ne gyaɗa ta mutu, fari ya zo ya kashe dabbobi, masu motoci suna sayar da nasu, shi yana ƙarawa. Mutane suna cewa kuɗin mai ne ya shigo ƙasa. Ya shigo, ban musa ba, amma ni ban ga rijiyar mai a bayan gidansa ba.

Ka kuma tuna wanda ya sa aka kawo masa kujera gindin darbejiya ana tsakiyar littafinka. Mutumin da rabonsa da zama a ƙofar gidana tun ina jan motarsa. Duk inda ɗan sandan ya harbe wani mai tabo, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa, yana buga cinya yana cewa, "Madalla! Hamisu, irinku ƙasa take nema." Kai kana jin daɗi, ni ina kallonsa ta gefen ido. Na tambayi kaina, me ya sa labarin kama masu ƙwaya yake yi wa mutumin nan daɗi haka? Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba. Labari ne da ke koya wa yaro ya zuba ido can nesa yana jiran mai bindiga. Ba a jima ba shi ya fara kawo maganar kwastan, shi ya nuna maka yadda ake nema, shi ya saya maka akwati, ya ɗinka maka kaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa, Hamisu.

Babban ramin da ke cikin littafin nan kuwa, wanda in ba ka lura ba kai ne za ka faɗa, shi ne jarumin ba shi da kowa. Ba uwa, ba baffa, ba suruki, bai taɓa cin tuwon gidan wani ba. Abu biyu kawai ake gwada shi da su, kuɗi da bindiga, ya ƙi kuɗin, ya kauce wa harsashin, shi ke nan ya zama gwarzo. Ina ma a kawo shi shingen Babura ya yi wata guda! Motar farko da zai tsayar, direban abokin babansa ne. Ta biyu, mai ita shi ya biya masa kuɗin makaranta. Ba wanda zai nuna masa bindiga. Za a leƙo ta taga ne a ce, "A'a, ɗan gidan wane ne? Ina babanka? Ya kafaɗar tasa?" A nan nake so in ga ko hannunsa zai iya ɗaga tamfol ɗin da aka rufe kaya da shi. A garinmu da gaisuwa ake ɗaure mutum, da zuwa suna, da zaman makoki. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Kai kuwa ragon sunanka ma Alhaji ne ya ba da shi.

Duk wannan da na bar shi a cikina, in bi ka da addu'a kawai, in ba don abin da ya faru bayan tafiyarka ba. Alhaji ya zo da kansa a sabuwar motarsa, ya yi sallama, ya ce, "Ilu, na ji za a aika wa yaron nan sauran kayansa Kano kafin jirgi ya tashi. Ga ɗan saƙo a haɗa masa, ya kai wa wani aminina a Ikko, zai zo tasha ya karɓa." Ya buɗe bayan mota ya ɗauko. Gwangwani ne na man shanu, an ɗaure murfin da tsumma.

Hamisu, irin na Iya ne sak. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce, "To, ranka ya daɗe," don bakina ya riga ya saba. Yana tafiya na shiga da shi cikin gida, na ce wa Innarka ta ɗora babbar tukunya. Da ta ga ina kwance tsumman ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Malam, saƙon mutane? Da girmanka?" Na ce ɗora dai. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa buɗe saƙon wani ba sai ranar. Na juye shi duka a tukunya, ya narke, na sa ludayi na yi ta juyawa, na tace shi da rariya, na ƙwanƙwasa gindin gwangwanin ko biyu ne. Babu komai. Man shanu ne zalla, mai kyau, mai ƙanshi.

Innarka ta ce, "To ka gani. Ka zargi mutumin da ya rufa mana asiri. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ga shi bai zama ba." Ƙila ita ce da gaskiya, wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. In haka ne Allah Ya yafe mini, Alhaji ma ya yafe mini. Amma ni na taɓa ganin gindin irin gwangwanin nan, na ga man shanu zalla, na ji kunya, na kuma san abin da kunyar nan ta jawo. Na farko ai dole ya zama mai kyau. Da shi ake gane ko hannunka yana karɓa.

Na mai da man cikin gwangwani, ya daskare, na ɗauka na kai masa har gida. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, aikin da yaron nan zai shiga ba a ɗaukar saƙo." Ya ɗaga murfin ya duba. Man da aka narkar ba ya ɓuya, kamarsa daban ce, ya kuwa gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe, ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Ilu, ka kyauta. Ai yaron namu ne. In ya gama horo sai mu yi addu'a a kawo mana shi nan Babura, kusa da gida, ka riƙa ganinsa kullum."

Kalmar nan ita ta hana ni sukuni, ita ta sa na zauna rubutun nan. Allah Ya sani babu abin da nake so irin in ga kana shigowa gidan nan da yamma, in ji sallamarka a zaure. Na tsufa, kafaɗa ta ƙi, kai ne kake shafa mini magani. Duk da haka ga roƙona, kuma umarni ne in har uba yana da umarni a kan ɗansa. In an gama horo aka tambaye ku inda kuke so, ka ce ko'ina ban da gida. Ka roƙi bakin teku, ka roƙi dajin da ba ka jin yarensu, inda ba wanda ya san sunan babanka balle ya tambaye ka kafaɗarsa. In kuma ka ga takarda ta fito da Babura ba kai ka nema ba, ka san ba addu'ata ce ta kawo ka ba, ka ajiye musu hularsu ka dawo ka kama alli. Gara in yi kewarka kana Ikko da in riƙa kai maka tuwo inda na kai wa Sale.

Na karanta wa Innarka wurin nan, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, har yanzu ba ta yi mini magana ba. Baffanka kuwa da na gaya masa, sai ya ce, "Ka rubuta masa da manyan baƙi."

Littafin naka yana nan ka manta shi a kan taga, na sa a ajiye maka. Sauran kayanka suna hannun direban da zai ba ka takardar nan. Na sa ya kwance kowane ƙulli a gabana ya ga abin da ke ciki kafin ya ɗora, yana ta cewa, "Haba Baba Ilu, ni da kai?" Na ce ni da kai ɗin.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka ikon cewa a'a ga wanda kake jin kunya. Ya sa nisan da na roƙa maka ya zama alheri, Ya kuma ba ni haƙurinsa. Ka gai da Gwaggonka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Ilu Direba, Kazaure.